Farar Rigar Ɗan Kwalisa

Bangon da ya raba ɗakin Mai Guga da na Ɗan Kwalisa bai kai rufi ba. Maginin gidan hayar ya tsaya da bulo saura kamar kamu guda, aka toshe gurbin da kwali, kwalin kuwa ɓeraye sun daɗe da gama shawara a kansa. Don haka da rigimar ta tashi da hantsin nan, ba Mai Guga ne ya kasa kunne ba, maganar ce ta tsallako ta same shi yana ninke zannuwan gado.

Uwar Biyu ce ke magana, matar Ɗan Kwalisa, da muryar nan tata ta ƙasa-ƙasa wadda ta fi ihu ciwo. Cewa take Lauya, matar da ke riƙe da ƙararsu, ta faɗa ta kuma nanata: jibi in za a shiga kotu, kada ya sa fararen kaya. Ya sa tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya bar gemun yadda ya tashi da shi, ya bar alƙali ya ga mutumin da ita take gani kullum.

"To ki ɗaura min tsumma a ka, ki ba ni gwangwani in rataya," in ji shi. "Sai ki ja ni da igiya har gaban alƙalin."

"Ni ban ce da kai mahaukaci ba, Baban Biyu."

"Takardar likitan nan fa, daga wane asibiti aka rubuto ta?"

Ta ce asibitin ba shi ne damuwarta ba. Damuwarta shekara ta zagayo har ta ɗora, keken ɗinkinta ne ke riƙe da gidan, 'yan biyu sun koyi tafiya da sanɗa a ɗakin ubansu, kamfanin da ya ba shi mota mai ruɓaɓɓen birki kuma yana can yana shan iska. Ya ce ta yi a hankali, akwai mutane a gidan. A nan ne ta ɗaga muryar, da gangan.

"Ya ji mana. Da kai da abokin naka na bayan bangon nan bakinku ɗaya. Kai ka yanko ƙarya, shi ya goge maka ita da sitati."

Mai Guga ya tsaya da zane a hannu, ya manta ta ina ya fara ninki. Ya ji an ja ƙofa, ya ji takun Ɗan Kwalisa mai ɗan ɗingishi ya ratsa tsakar gida ya fice. Sannan keken ɗinki ya ɗauka, da gudu kamar ana korarsa.

Ba a banza aka laƙaba masa Ɗan Kwalisa ba. A garejin manyan motoci, inda ake gane direba da baƙin mai a ƙarƙashin farce da tawul mai maiƙo a wuya, shi da fararen kaya yake hawa tirela, fari ƙal daga hula har wando, ya yi tafiyar kwana da kwanaki ya sauko kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Yana da wata tsohuwar riga a bayan kujera wadda yake ɗorawa a sama in zai duba mai ko ya shiga ƙarƙashi, yana gamawa ya cire ta da bakin yatsu kamar ta wani ce. Abokan aiki sun yi masa ba'a har sun gaji. Shi kuwa cewa yake mota tana sanin wanda ya hau ta, in ka zo mata a ƙazance sai ta raina ka, in ta raina ka kuwa a gangara take nuna maka.

Fararen kayan nan su suka haɗa shi da Mai Guga, tun ranar da ya tare a gidan daga shi sai amarya sai katifa. Ya tsaya a gaban teburin guga, ya ɗaga rigar wani ya duba karin hannunta, ya ce, "Wannan karin zai yanka tumatir. Kai ne mutumina." Tun daga ranar yake kiransa Sarkin Kumfa.

Unguwar kan san ya dawo tun kafin a ga motar. Yana da wani salon hon nasa, dogo guda sannan gajeru a jere kamar mai tsokana, tun daga shataletale yake sakinsa. Mata su leƙo, mai kanti ya fito bakin ƙofa, yara su zuba a guje. Lokacin 'yan biyu suna ƙanana, 'yan mata masu kama ɗaya sak, sai ya ɗauki kowace a hannu guda, su damƙe masa kafaɗa da hannuwansu masu danƙon alewa. Wannan ne kaɗai tabon da ya taɓa yarda ya zauna masa a kaya. In Mai Guga ya zo wanki sai ya tarar da 'yan yatsu dama da hagu, har yakan jinkirta sa musu sabulu.

Ba ya dawowa hannu rabbana. Lemo, rake, abarba mai zaƙi kamar an yi mata allurar zuma, wata rana har da kunkuru a cikin bokiti, wanda ya shekara a tsakar gida kafin ya ƙara gaba ba sallama. Rabon Mai Guga kuwa sabulun wasu garuruwa ne, da labari. Shi tun da ya zo garin yana saurayi, duniyarsa daga famfo ce zuwa igiyar shanya, daga igiya zuwa tebur. Mata ta zo ta tafi, bai sake nema ba. Da la'asar Ɗan Kwalisa zai jawo benci kusa da tebur, kofin shayi a hannu, ya shimfiɗa masa hanya: gadar da ke rawa in tirela ta hau ta, dutsen da gajimare ke kwanciya a kan kwaltarsa sai ka kunna fitila da rana tsaka, garin da kifinsu ya fi ɗan sandansu tsawo. Mai Guga yana guga yana tafiya. Washegari in ya ga jar ƙasa a bakin wando, ko ya ji ƙanshin gishiri a wuyan riga, sai ya san ba duka ne ƙarin gishirin baki ba.

"Wata rana zan ɗora ka gidan gaba, Sarkin Kumfa," yakan ce, "in kai ka ka ga teku. Ruwan da ko kai ba ka isa ka ƙarar da shi ba."

Ba a taɓa sa ranar ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Alkawarin ya fi masa daɗi a rataye.

A gangara hatsarin ya faru, yana ɗauke da lodin rodi. Ya taka birki sai ya ji iska na tsiyaya, tsss, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. A gindin gangarar akwai 'yar kasuwar bakin hanya da ƙananan motoci a jere. Ya danne hon, ya karya sitiyari, ya ba dutse kan motar. Ba wanda ya ƙwarzane a kasuwar. Shi kuwa ya yini a maƙale cikin ƙarfe, rodi ya huda bayan kujera ya tsaya daidai kunnensa, tankin iska na ta tsiyaya a ƙarƙashinsa, har aka zo da injin yanka aka fito da shi. Rigar da aka cire masa a asibiti Uwar Biyu ta kawo wa Mai Guga a leda. Ya jiƙa, ya sake jiƙawa, daga ƙarshe ya haƙa rami a gindin katanga ya binne ta.

Ƙafa ta ɗinke, haƙarƙari ya koma mazauninsa. Aka yi ta zuwa dubiya ana kiransa namijin duniya, mutanen kasuwar har buhun albasa suka aiko. Duk wanda ya zo sai ya nemi labarin, shi kuma ya bayar, kowace bayarwa gangarar na ƙara tsawo, dariya na ƙara yawa. In jama'a suka ɗora wa mutum jarumta a ka, ba ya samun mai sauke masa, ko da wuyansa na karyewa.

Ɗaya labarin kuwa, Mai Guga ne ya fara saninsa a cikin maƙwabta, da hannunsa kuma ya tono shi. A lokacin teburinsa a ɗaki yake, jingine da bangon nan. Wata safiya ya yayyafa wa riga ruwa ya ɗora dutsen guga mai zafi, tururi ya tashi, tsss. Sai ya ji kofi ya tarwatse a ɗaya ɗakin, wani abu mai nauyi ya faɗi, sannan numfashi, irin na ragon da aka danne. Uwar Biyu na cewa a hankali, kamar mai lallashin yaro, gida kake, ga ni, ga gado, ba mota. Ya ɗauka dacewa aka yi. Da abin ya sake faruwa washegari, daidai saukar dutsen, sai ya ajiye dutsen ya zauna a ƙasa yana kallon tafin hannunsa.

Ranar ya kinkimi teburin ya kai can ƙarshen tsakar gida, gindin mangwaro kusa da famfo. Masu tambaya ya ce musu zafin ɗaki ne ya ishe shi. Tsuntsaye suka riƙa yi masa ɓarna a kayan mutane, iska na kwaso masa toka, amma bai koma ba.

Ɗan Kwalisa kuwa yana ajiye sanda ya koma fararen kayansa. Kullum da safe zai fito fes, ya gaisa da kowa, ya nufi gareji da ƙafa, ta lungunan da ko amalanke da ƙyar take bi. Ba ya shiga. A bencin mai shayin da ke bayan katangar gareji yake zama, direbobi su kewaye shi, ya yi ta ba su dariya. In wani ya ce ya zo a rage masa hanya, sai ya ce likita ya ce ya riƙa motsa ƙafar. Mota babba ko ƙarama, kai ko babur, bai sake hawa ba.

Da yamma kayan su dawo wurin Mai Guga, su kuma ba su iya ƙarya ba. Gumi ya bushe ya bar rawayan zane daga wuya har ƙugu. Gwiwoyin wando da ƙasa, irin ta wanda ya durƙusa a bayan katanga har wata mota ta wuce. A aljihu 'yan dunƙulen auduga, na toshe kunne. Mai Guga da su yake fara wanki kafin kowa ya fito, ya sa bula, ya sa sitati, ya shanya su a bayan zannuwan gado inda ido ba ya kai wa, audugar kuma ya jefa a wuta. Tun daga asibiti ya daina karɓar ladan aikin. A ganinsa wannan shi ne maƙwabtaka, bai kuma taɓa sake duba ganin nasa ba sai hantsin nan.

Sauran labarin duk ta saman bango ya same shi. Kamfani ya kira Ɗan Kwalisa ya nuna masa sabuwar mota, ko ledar kujera ba a cire ba. Ya zagaya ta, ya yaba tayoyi, ya ɗora hannu a marfin ƙofa, sannan ya ce ƙafar da saura. Da aka gaji da jira aka tsayar da albashi. Yayan Uwar Biyu ne ya kawo Lauya, wata matashiya mai gilashi da saurin baki, wadda ta ce karayar ƙashi ba ita kaɗai ce rauni ba; tsoron da hatsari ya dasa wa mutum har ya raba shi da sana'arsa, shi ma doka ta san da zamansa, yana da diyya. Ta tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likita ya tambaye shi yaya barci, ya ce lafiya lau. Gabansa yana faɗuwa? Ya ce gaban direba ba ya faɗuwa, in ya faɗi wa zai riƙe sitiyari. Sai da Uwar Biyu ta karɓe maganar aka sami abin rubutawa.

A zaman kotun da ya wuce, lauyan kamfani ya kunna wani bidiyo da aka ɗauka da waya. Ga Ɗan Kwalisa a bencin mai shayi, fari ƙal, ya riƙe faranti a matsayin sitiyari yana nuna yadda ya ba dutse kan mota, direbobi na dariya har da riƙe ciki. Lauyan ya ce to ga majinyacin nasu. Abin da ya fi ƙona wa Uwar Biyu rai, da aka kashe bidiyon ta juya ta ga mijinta yana murmushi. Ya ji daɗin yadda ya fito. A waje Lauya ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, zama mai zuwa shi ne na ƙarshen jin shaida: ko ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cinsa, ko a sami wani wanda ba dangi ba ya faɗa, in ba haka ba ƙarar ta mutu.

Da azahar keken ɗinki ya yi shiru. Uwar Biyu ta fito da bokiti, ta kunna famfo ta bar shi yana zuba don ya rufe magana. Ta gai da Mai Guga da aiki, ya amsa, dukansu suna kallon bokitin. Ta ce ta san ya ji, ba kuwa za ta ba shi haƙuri ba, don da shi take. Roƙonta shi ne ya zo kotu ya faɗi abin da yake ji ta bango da abin da yake gani a kaya. In kuma an kawo masa fararen nan gobe, ya ce gawayi ya ƙare.

Ya ce, "Uwar Biyu, abin da bango ya faɗa min ba nawa ba ne. Mutumin nan rigar ce kaɗai ta rage masa. In na tuɓe masa ita a bainar jama'a, da wane ido zan kalle shi?"

"Da idon da nake kallonsa in yana ƙarƙashin gado." Ta gyara zaman bokitin da ƙafa. "Malam, in tambaye ka tsakani da Allah. Gugar nan da kake yi kyauta, kana ƙona audugar kunne, don shi kake yi ko don kanka? Ni miji nake nema ya warke. Kai direbanka kake jira ya dawo ya kai ka teku."

Bokiti ya cika ya tumbatsa. Ta kashe famfo, ta ɗauka, ta bar shi da dutse yana hucewa.

Ya so ya ji haushi, haushin ya ƙi zuwa. Duk safiyar da Ɗan Kwalisa ya fito fes ya ce, Sarkin Kumfa, an tashi lafiya, sai hankalinsa ya kwanta, kamar tirelar na nan a bakin titi tana ɗumi, kamar da la'asar hon zai taso daga shataletale. Ashe shi ne yake ƙera wannan safiyar da hannunsa, da bula da sitati, ya koma gefe ya sha kallo. Mutumin da ke numfashin rago a bayan bango kuwa bai taɓa shiga ya gaishe shi ba. Bai san me zai ce masa ba, in kuma za a bi ta gaskiya, ba ya son saninsa. Teburin ma da ya fitar, ya daɗe yana sa shi cikin alheransa. Yanzu ya rasa ko don kada maƙwabcinsa ya ji tsss ya fitar da shi, ko don kada shi ya ji abin da ke biyo baya.

Washegari Ɗan Kwalisa da kansa ya kawo kayan, bai aiko 'yan biyu ba. Waɗanda yake ji da su ne, masu ɗan aiki a wuya, rabonsa da su tun mota na hannunsa. Ya ce kari yake so irin na da, don a kotu ma akwai masu ido. Mai Guga ya buɗe baki, maganar gawayi na kan harshensa, ga buhun gawayin kuwa a jingine a gabansu, cike har wuya. Sai ya ji kansa yana cewa to.

Ya wanke, ya sa sitati, ya shanya. Suna gama bushewa hadari ya haɗo, aka zuba ruwa, kafin la'asar ya koma yayyafi mai naci, irin wanda ba ya ƙara ba ya ɗaukewa. Gindin mangwaro ya zama tafki. Ba yadda zai yi, ya kinkimo teburin ya mayar ɗaki, wurinsa na da a jikin bango, don nan ne kaɗai ba ya yoyo. Ya hura gawayi ya zuba a dutse. Yana jin motsinsu a ɗaya ɗakin, ruwa ya tsare kowa.

Ya shimfiɗa rigar. Kwanon ruwan yayyafawa na gefe, bai taɓa shi ba. Ya shiga guga a bushe, yana ɗaga dutsen yana saukewa kamar mai ajiye ƙwai. Amma yadi mai sitati ba ya kwanciya ba ruwa, dutse na wucewa yana sake yamutsewa a bayansa. Ya danna, ya ƙara dannawa. Har zuciya ta raɗa masa cewa in ya bar dutsen a ƙirjin rigar ya ɗan kau da kai, magana ta ƙare: gobe sai mai ruwan ƙasa, Uwar Biyu ta sami yadda take so, shi kuma ya ce tsautsayi ne, ba wanda zai kai shi gaban alƙali. Hannunsa ya ƙi. Tunda yake sana'ar bai taɓa ƙona kayan mutum ba, ba kuwa da waɗannan zai fara ba.

"Sarkin Kumfa."

Ta saman bango muryar ta zo, ba ƙarfi. Duk zamansu ba su taɓa magana ta nan ba, kowa yi yake kamar bangon ya kai rufi.

"Na'am, Direba."

"Gugar bushe kake min? Ina jin dutsen yana ja kamar taya ba iska. Yayyafa ruwan."

Mai Guga ya ce ai haka ma ta kusa kwanciya.

"Zafin ɗaki ya ishe ka, ko? Ka shekara kana guga tsuntsaye na yi maka kashi a ka, ka ɗauka ban san dalili ba? Bangon nan ba kai kaɗai yake kai wa gulma ba. Yayyafa. Na zauna a ƙasa, na riƙe ƙafar gado."

Ya tsoma yatsu a kwano ya watsa. Ya ɗora dutsen. Tsss.

Gado ya yi ƙara. Numfashin ya taso. Uwar Biyu ta fara, gida kake, ga ni. Mai Guga ya ɗaga dutsen sama yana jira, zafin gawayi na dukan bayan hannunsa. A da a daidai nan ne yake neman hanyar waje. Yau ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Ya ji yadda numfashin ke hawa ya kai wuya ya maƙale, ya ji haƙora na haɗuwa, ya ji babban mutum yana kiran mahaifiyarsa da ta daɗe a ƙasa. Da abin ya fara lafawa sai ya ɗaga kai wajen gurbin kwalin, ya ce da wata murya da bai san yana da ita ba, "Gida kake, Direba. Ni ne. Dutsen guga ne."

Ruwa na ta ɗiga daga kwanon rufi.

"Ai ba riga kaɗai na kawo ba," in ji Ɗan Kwalisa, muryar a dishe. "Saura wando. Ci gaba."

Haka suka gama kayan, a yayyafa, a ɗora, a jira. Can ƙarshe gadon bai yi ƙara sosai ba, ko kuwa kunnen Mai Guga ne ya saba, shi dai bai sani ba. Karin ya fito irin na da. Ya ninke, ya lulluɓe da leda saboda yayyafi, ya kai har ƙofarsu. Uwar Biyu ce ta karɓa. Ta dubi kayan, ta dube shi, ba ta gode ba, ba ta kuma yi faɗa ba.

Da sassafe, ruwa ya wanke gari tas, aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ɗan Kwalisa ne, fari ƙal, gemu a gyare, karin hannun riga zai yanka tumatir. Uwar Biyu na tsaye a bayansa da mayafi da jaka, idonta a kumbure. A hannunsa akwai leda, Mai Guga ya hango kayan da Ɗan Kwalisa ya fita da su jiya da safe ne a ciki, ba wanki, da gumin da ƙasar gwiwar da komai, har audugar na leƙowa daga aljihu. Ya miƙo ledar ba tare da ya kalle ta ba, ya gyara zaman hula, ya dubi lungun da za su bi.

"Riƙe min wannan, kada ka sa mata ruwa. Rigata kam na sa abata, ba mai tuɓe min. Amma yau da bakina zan faɗa musu. In ya ƙi buɗuwa, kai ka faɗi abin da bango ya faɗa maka, na yafe. Sa takalminka, Sarkin Kumfa, kotun da nisa, ka kuma san da ƙafa za mu. Teku dai ban kai ka ba, amma wannan ma tafiya ce."